Saitin ganga mai tsada yana cin kuɗinsa kuwa?

Ɗan Auta

Assalamu alaikum manyanmu. A yi mini uzuri in an taɓa tattauna wannan a baya. Saitin gangar da nake kiɗa da shi irin na masu koyo ne, na ɗan tara wani abu ina so in canza. Da na shiga duba kaya sai kaina ya ɗaure. Ga Pearl Export da Yamaha Stage Custom a gefe guda, ga DW Collector's da Sonor SQ2 da Gretsch USA Custom a ɗaya gefen, kuɗinsu ya ninka na farkon sau da yawa, kuma ganguna ne zalla, babu simbal, wato fayafayan ƙarfen nan da ake bugawa, babu ƙarafan da ke riƙe kaya. Girman duk ɗaya ne: gangar ƙafa inci 22, tom, wato ƙananan gangunan sama, 10 da 12, ta ƙasa 16. To me mutum yake saya da rarar kuɗin? Akwai abin da kunne zai ji, ko dai suna ne kawai? In ci gaba da tari har in kai ga babba, ko in sayi matsakaici in huta?

Sarkin Feda

Wa alaikumus salam. Ci gaba da tari, ƙanena. Araha ba ta ado. Ranar da ka zauna a bayan DW ka taka feda sau ɗaya, kai da kanka za ka dawo ka goge tambayar nan.

Injiniya

Ita ma tsada ba ta kiɗa, Sarki.

Ɗan Auta, ni aikina a bayan mikisa yake, wato na'urar haɗa sauti, don haka gangar da na sani ita ce wadda take isa kunnen mai sauraro. Kafin sautin tom ya kai ga mutumin da ke zaune can baya, ya ratsa makirufo, ya ratsa mikisa, na rage masa wani gefe na ƙara masa wani, na matse shi, sannan jita da bes da muryar mawaƙi duk sun hau kansa. A cikin wannan hayaniyar babu mahaluƙin da zai ce maka wannan katakon mepul ne, wancan birci ne. Abin da nake ji tun daga bugun farko shi ne hannun makaɗi, sai fatar da ya sa, sai yadda ya ɗaure ta, sai ɗakin da muke ciki, sai simbal. Katako can ƙarshen layi yake.

Kuma ka sani, faifan da kake saurara kana cewa kai, ji gangar nan, da yawa daga cikinsu ba gangar zalla kake ji ba. A situdiyo ana ɗora wani sautin da aka riga aka naɗa a kan sineya, wato gangar nan mai waya a ƙasanta, da gangar ƙafa don su ƙara kauri. Bidiyon tallan kamfanoni ma a ɗaki mai kyau ake yinsa, da makirufo masu tsada, da makaɗin da ya san abin da yake yi. Ka ba su Export a wannan ɗakin, za ka yi mamakin abin da zai fito.

Mai Leƙe

An fara. Bari in gyara zama.

Kawu Mai Gyara

Ku bari in sa baki, tunda ni ne ake kawo wa gangunan idan sun lalace, masu tsadar da masu arahar.

Yaro, jikin ganga ba kututture ba ne da aka fafe. Siraran fallen katako ne, yawanci shida zuwa takwas, ake shafa musu gam a lanƙwasa su a cikin mazubi da zafi har su zama da'ira. Haka ake yin na araha, haka ake yin na tsada. Inda hanya take rabuwa shi ne a wuraren da ido ba ya kaiwa sai ka cire fata.

Na farko bakin gangar, wato leɓen da fata take zama a kai. Galibi ana yanka shi a kusurwar digiri 45, su Gretsch a kan manyan kayansu sun fi son 30, wanda yake sa fata ta ƙara taɓa katako, sautin ya yi taushi. Ko wace kusurwa aka bi, dole ne bakin ya zama sumul kuma daidai a duk kewayen. In wani wuri ya ɗan faɗa, to fata ba za ta taɓa zama lafiya ba, za ka yi ta murɗa kusoshi kana zargin kunnenka alhali laifin katako ne. Na biyu da'irar kanta, ko ta cika ko ta yi ƙwai. A kan ganga mai tsada akwai mutumin da aka biya ya zauna ya duba waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A kan mai araha, inji ne ya yanka aka wuce. Sau da yawa injin yana yin daidai, wani lokaci kuma ba ya yi, sa'arka ce.

Amma in za a faɗi gaskiya, babban kaso na kuɗin ba nan yake tafiya ba. Yana tafiya a kwalliya da kuma wurin da aka ƙera. Ganga mai araha leda ake naɗa mata a jiki. Mai tsada fenti ake fesa mata, a bari ya bushe, a goge, a sake fesawa, a yi ta yi har ta riƙa ɗaukar ido, wani lokaci ma a ɗora mata fallen wani ice mai wuyar samu a waje don ado kawai. DW Collector's a Oxnard ta Kalifoniya ake yinsu, SQ2 a Jamus, kuma kai za ka zaɓi irin katako da kauri da launi a yi maka naka. Ladan ma'aikaci a can ba ɗaya ba ne da na masana'antun Sin da Taiwan inda ake yin matsakaitan. Kamfanin DW ɗin nan shi ne mai ganguna masu sauƙin kuɗi da ake kira PDP, haka Gretsch suna da Catalina, Tama suna da Imperialstar. Su da kansu sun san yadda ake yin ganga mai kyau da kuɗi kaɗan.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ƙananan kamfanoni da yawa masu yi wa mutum ganga ta musamman ba su suke lanƙwasa katakon ba. Daga kamfanin Keller na Amurka suke sayo jikin gangar, su yanka baki, su huda, su yi fenti, su manna sunansu. Ba zamba ba ce, aikin hannunsu kake biya. Amma ka ga suna biyu daban, farashi biyu daban, katako ɗaya.

Sarkin Feda

Kawu, ranka ya daɗe, ba na ja da kai a harkar gyara. Amma kai da Injiniya kuna neman ku ce katako ba komai ba ne, wannan kam ban yarda ba. Don me Yamaha Recording Custom ta yi suna a situdiyo? Birci ne, sautinsa a taƙaice yake, yana fita tsaf ba ya jan wutsiya. Shahararren makaɗin nan Steve Gadd ya yi shekara da shekaru a kanta. Mepul kuma ya fi ɗumi da tsawon amo. Mahogani ya fi zurfi. Duk manyan nan da suke zaɓar katako mahaukata ne?

Injiniya

Ba mahaukata ba ne, amma Stage Custom ɗin da yaron nan ya ambata ita ma ai birci ce. In birci kake nema ga shi nan a araha.

Sannan dubi John Bonham, makaɗin Led Zeppelin. Ya yi kiɗa a kan Ludwig ta katako, ya koma Vistalite wadda roba ce mai kama da gilashi, babu ko tsinken ice a jikinta, daga baya ya hau ta ƙarfe. Waye ya taɓa ji ya ce wannan ba Bonham ba ne? Sineyarsa kuma Supraphonic ce, alminiyam, wadda ake ƙerawa da yawa ana sayar wa kowa, kuma tana cikin sineyoyin da aka fi naɗa a faifai a duniya. Shi ma Gadd ka sa shi a bayan saitin da Ɗan Auta yake son rabuwa da shi, Gadd za ka ji.

Kawu Mai Gyara

Sarki, bambancin katako yana nan, ban ce babu ba. Amma kaurin jikin gangar da zurfinta da yankan bakinta sun fi irin icen tasiri, fata kuma ta fi su duka. Kuma bari in ba ka wani abu ka tauna. Tsofaffin Ludwig na shekarun 1960 da ake rububinsu yanzu, falle uku ne kacal: mahogani, fofla a tsakiya, mahogani, da zoben ƙarfafawa a baki. Fofla ɗin nan da ake yi wa kallon icen masu koyo. Da yawansu in ka auna da'irarsu ba ta cika ba, bakinsu ma ba sumul ba. Matsakaicin saiti na yau ya fi su daidaiton ƙira nesa ba kusa ba. Amma da su aka yi kiɗan da har gobe ake kwaikwayo.

Ɗalibar Jaz

Sannunku da ƙoƙari. Ni ƙarama ce a nan amma ina so in ɗan tsaya wa Yaya Sarki, don na ga an yi masa taron dangi.

Duk maganar Injiniya a kan kiɗan da ake sa wa makirufo ne, ana duka da ƙarfi. Irin namu ba haka yake ba. Gangar ƙafa inci 18, ƙaramin ɗaki, babu makirufo ko ɗaya, ga fiyano ga bes na katako, wani lokaci da burushi kake kiɗa ba da sanda ba. A nan babu mikisa da zai rufa maka asiri. Ganga mai kyau tana amsawa ko da shafa ta ka yi, kuma kana iya ɗaure ta sama sosai ba ta shaƙe ba. Wadda na koya a kanta tana da wuri ɗaya tak da take daɗi, ka ɗan ƙara ɗauri ta mutu, ka ɗan sassauta ta koma kwali. Wannan faɗin da mai kyau take ba ka, daga ƙasa har sama, shi ne abin da ake biya. Mai sauraro ba lallai ya san sunan abin ba, amma ni da nake zaune a bayanta na sani, kuma yana canza yadda nake kiɗa.

Injiniya

Ƙanwata, a irin wannan ɗakin maganarki tana kan hanya. Sai dai ki tambayi Kawu ko matsalar tsohuwar gangarki katako ne ko baki.

Kawu Mai Gyara

Baki ne, 'yata, kusan ko da yaushe. Wadda take shaƙewa in an ɗaure ta, ko dai bakin bai daidaita ba, ko an rataye ta a kan ƙarfen da ya huda jikinta yana danne amon. Shi ya sa wajajen 1980 Gary Gauger ya fito da RIMS, marataya da take riƙe tom ta wajen kusoshi ba tare da taɓa katakon ba. Da can sai masu hali, yanzu kusan kowane matsakaicin saiti yana zuwa da irin wannan dabarar. Baki kuma ana sake yanka shi, aikin ba ya cin ko kusa da kuɗin sabon saiti. Na yarda dai cewa mai tsada tana zuwa da wannan a gyare tun daga kwali, kuma ba kowa ne yake da mai gyara a kusa ba.

Hajiya Mai Haya

Ku kuna ta maganar sauti, ni bari in yi maganar abin da yake karyewa, don ni haya nake bayarwa, ni nake biyan asara.

Jikin ganga ba ya mutuwa da wuri. Abin da yake mutuwa ƙarfe ne. Ƙafar tom ta ƙasa ta zame ana tsakiyar waƙa, ƙahon gangar ƙafa ya saki ta riƙa tafiya gaba makaɗi yana bin ta, noti ya cinye, mariƙin simbal ya sunkuya, wayar ƙasan sineya ta ƙi ɗagawa. Kaya masu araha ƙarfensu na zubi ne mara ƙwari, in ana kwancewa ana ɗaurawa kullum ba ya jurewa. Saboda haka in kana yawo da kayanka daga wannan wuri zuwa wancan, ƙarfe mai kyau ya ci kuɗinsa har da riba. In kuwa a ɗaki ɗaya za su zauna, ba ruwanka.

Ɗan Auta, ɗana, ga abin da nake so ka lura da shi. Ƙwararrun da suke zuwa wasa daga nesa, ba sa ɗauko ganguna. Duk saitin da aka ajiye musu a kan dandali shi suke hawa. Abin da suke riƙowa a hannu uku ne: jakar simbal, sineya, da feda. Mutanen da abincinsu ke nan sun riga sun nuna maka abin da ba sa yarda a zaɓar musu.

Kuma wallahi mai fentin nan mai sheƙi ciwon kai ce a hanya. Ƙarzane ɗaya ya isa ya hana mai ita barci. Mai leda kuwa a jefa ta a bayan mota a wuce.

Mai Leƙe

Hajiya ta kashe bakin tsanya.

Ɗan Auta

Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar simbal ɗin nan ta taɓa ni, don nawa waɗanda suka zo da saitin ne, kuma su na fi tsana. Ashe ba duka ɗaya ba ne?

Injiniya

Ina! A nan ne ni da Sarki za mu haɗu. Ganga mai araha kana iya yi mata magani: sabuwar fata, ɗauri mai kyau, ɗan abin danne amo. Simbal ba shi da magani. Yadda aka ƙera shi haka zai mutu, babu kusar da za ka murɗa.

Waɗanda ake haɗowa da saitin masu koyo gamin jan ƙarfe da tutiya ne, ƙararsu a bushe take, tana mutuwa nan take, kuma suna lanƙwashewa. Na gaske tagulla ce. Akwai B20, kashi 80 jan ƙarfe kashi 20 kuza, shi ne na manyan layukan Zildjian da Sabian, irin su A da K da HH. Akwai B8, kashi 92 da kashi 8, wanda yawanci ake yin masu sauƙin kuɗi da shi. Amma kada wani ya ce maka B8 banza ne, Paiste 2002 da aka fito da shi a 1971 B8 ne, kuma shi Bonham ya riƙa dukawa. Abin yana ga ƙira: dukan guduma, da ƙanƙarewa, da kauri. Gidan Zildjian tun 1623 suke wannan sana'a a Istanbul kafin su koma Amurka, Sabian kuma ɗan gidan ne, Robert Zildjian, ya kafa ta a Kanada a 1981 bayan sun rabu da ɗan'uwansa.

A wajen aikina simbal mara kyau shi ne azaba. Yana shiga kowane makirufo a kan dandali, har na mawaƙi. Tom mara daɗi zan iya ɓoye shi. Haihat mara daɗi, wato simbal biyun nan da ake haɗa bakinsu da ƙafa, ba ni da inda zan kai shi, kuma shi ake bugawa daga farkon waƙa har ƙarshe.

Sarkin Feda

Alhamdulillahi, yau Injiniya ya yarda akwai abu mai tsada da ya ci kuɗinsa. Saura ganga.

Kuma ku ƙara da feda. Iron Cobra ko DW 5000 ko Eliminator, ka taka ɗaya ka koma kan wadda take zuwa a kwali, kamar ƙafarka ce aka canza.

Baban Ikram

Ni ta fuskar kasuwa nake kallon abin. Mai tsada dukiya ce, ba ta faɗuwa. Saitin Ludwig na Ringo Starr, makaɗin Beatles, a Disamba 2015 aka yi gwanjonsa, attajirin Amurka Jim Irsay ya saya sama da dala miliyan 2. Wace Export ce za ta yi haka?

Hajiya Mai Haya

Alhaji, ai Ringo aka saya, ba katako ba. Saitin nan lokacin da aka saye shi a 1963 kaya ne na kanti da kowane makaɗi mai ɗan hali zai iya ɗauka. Bayan an ga sunan Ludwig a jikin gangarsa a talabijin ɗin Amurka a Fabrairu 1964 ne kamfanin ya kasa biyan buƙatar masu saye. Wannan ya nuna maka ƙarfin suna, bai nuna maka ƙarfin ice ba.

Sabon saiti mai tsada kuwa, ranar da ka fitar da shi daga kwali ya zubar da kaso mai kauri na kuɗinsa. Mafi muni wanda aka yi maka na musamman, da launin da kai kaɗai kake so da girman da kai kaɗai kake so. Sai ka nemi wanda ra'ayinsa ya zo ɗaya da naka kuma yana da kuɗi. Export fa tun 1982 ake yinta, an sayar da fiye da miliyan ɗaya, kowa ya san ta, kayan gyaranta ba sa wuya, in ka sa ta a kasuwa ba ta kwana. Wanda yake cin ribar mai tsada shi ne mai saye na biyu.

Baban Ikram

To ai ni mai saye na biyun nake nufi, Hajiya.

Hajiya Mai Haya

Ba haka ka rubuta ba, amma na karɓa.

Ɗan Dijital

Ku dai kuna wahalar da kanku. Sayi gangar lantarki ta Roland kawai, saiti ɗaya sauti ɗaruruwa, babu ɗaurin fata babu faɗa da maƙwabta. Tun 1997 da suka fito da V-Drums mai fatar raga aka gama wannan gardamar. Su ne ma suka sayi DW ɗin a 2022.

Admin

Ɗan Dijital, gangar lantarki tana da nata zaren, kuma kai ka buɗe shi. A bar wannan a kan tambayar da aka yi.

Kawu Mai Gyara

Yaro, kafin ka kashe ko sisi, tambaya ɗaya: fatar da ke kan gangunanka, wadda suka zo da ita ce?

Ɗan Auta

Ita ce, Kawu. Ta sama da ta ƙasa duka. Ta sineya ce kawai na canza da ta fashe.

Kawu Mai Gyara

To ai ba ka taɓa jin muryar gangarka ba tukuna. Kamfanoni a fata suke rage kuɗi, siririyar roba suke sakawa wadda take lotsawa da wuri. Nemi Remo ko Evans ko Aquarian. Falle ɗaya irin Ambassador ko G1 tana da buɗaɗɗen amo, falle biyu irin Emperor ko G2 ta fi kauri da juriya, ta fi dacewa da mai nauyin hannu. Kada ka manta da ta ƙasa, ita take riƙe amon, kuma ita kowa yake mantawa da ita har ta tsufa.

Wajen ɗauri, ka fara murɗa kusoshi da yatsa har su kama, sannan ka ɗauki makulli ka riƙa bi ɗaya da kishiyarta, rabin juyi rabin juyi, kada ka bi su a jere. Ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa fatar kusa da kowace kusa kana saurara har muryoyin su zo ɗaya. Abin yana son haƙuri. Mutanen da kafin Remo Belli da Chick Evans su kawo fatar roba a shekarun 1950, da fatar maraƙi suke fama, damina ta saki, zafi ya ɗaure, kullum suna kan gyara, shi ya sa kunnensu ya buɗe. Ku kun samu sauƙi shi ya sa ba ku koya ba.

Wanda bai iya ɗauri ba, in ka ba shi SQ2 kwali zai mayar da ita. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, mutum ya kawo mini saiti mai ɗan karen tsada wai in duba masa ya lalace, alhali fata ce kawai a karkace.

Sarkin Feda

Duk na ji. Amma akwai abin da ba ku sa a ma'auni ba. Mutum ba don mai sauraro kaɗai yake sayen kaya ba. In ka buɗe ƙofa ka ga abin da ka daɗe kana mafarki yana jiranka, zama za ka yi ka yi atisaye, ko da ka gaji. Wanda ya sayi abin da ransa bai kwanta da shi ba, bayan ɗan lokaci zai sayar ya ƙara kuɗi ya sayi wani, ya sake sayarwa, a ƙarshe ya kashe kuɗin babban bai mallake shi ba. Ni saya ɗaya na yi, kuma ban ƙara leƙa shafin talla ba.

Ɗalibar Jaz

Yaya Sarki, kai da kake turo mana hoton sabuwar sineya kowane wata?

Sarkin Feda

Sineya daban, ƙanwata. Wannan ba a ƙirga ta.

Injiniya

Sarki, in mutum yana da hali kuma abin yana faranta masa, ya saya, babu mai hana shi, ni ma ina da makirufon da na san babu mai jin bambancinsa sai ni. Inda nake tsayawa shi ne a ce wa yaro mai tari ya zuba duk abin da ya tara a ganguna huɗu, ya dawo gida ya ɗora musu simbal na tutiya da feda mai ƙara, ya zauna a kan kujerar da take karya masa baya. Tsallen da ke tsakanin kayan masu koyo da matsakaici babba ne, kowa zai ji. Wanda ke tsakanin matsakaici da na ƙoli ƙarami ne, kuma shi ya fi cin kuɗi.

Ɗan Auta, in ni ne kai: fata tukuna, sai haihat da rayid, wato babban simbal ɗin, masu kyau, sai feda da kujera, sai sineya, sannan ganguna. Ka kuma sayi abin toshe kunne. Saitin ganga yana wuce desibel 100 cikin sauƙi, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ɗan Auta

Na gode ƙwarai. In na zo kan gangunan, na hannu zan nema kamar yadda Hajiya ta nuna. Me zan duba don kada a sayar mini da matsala?

Kawu Mai Gyara

Ka tafi da makulli da awo. Ka roƙi mai kaya ya bari ka cire fata, in ya ƙi ka yi masa sallama. Ka auna faɗin gangar ta wurare daban-daban, daga wannan kusa zuwa kishiyarta, in awon yana bambanta sosai ta yi ƙwai, bar ta. Ka kifa ta a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, ka sa fitila a ciki, in haske yana fita ta ƙarƙashin bakin to bai daidaita ba, wannan ana gyarawa amma a rage maka kuɗi. Ka duba ciki ko fallen katakon ya fara rabuwa, ko akwai alamar ruwa, ko an yi wasu hudoji da ba na kamfani ba. Ka murɗa kowace kusa ka ji ko ta cinye. Tsatsa a zobe ba komai ba ce, zobe ana canzawa.

Hajiya Mai Haya

Simbal na hannu kuma ka bi gefensa da farce a hankali, tsaga ƙarama ido ba ya ganinta amma farce yana kamawa. Ka ɗaga shi a haske ka duba layukan jikinsa da kewayen ramin tsakiya. In ramin ya zama dogo maimakon da'ira, an daɗe ana rataye shi babu robar kariya, a rage kuɗi. In akwai tsaga ko ta kai ƙwayar shinkafa kada ka saya, tafiya take yi. Kuma kada ka sayi simbal da hoto, ko da sunan da lambar ɗaya ne kowanne da muryarsa. Ka je da sandarka ka buga.

Sarkin Feda

In ka ci karo da DW na hannu mai kyau dai, ka kira ni kafin ka kira Injiniya.

Kawu Mai Gyara

Ko DW ce a cire fata a auna, Sarki. Wadda ta kwana a ɗaki mai danshi ba ta san sunan da ke jikinta ba. Ɗan Auta, in ka samu wadda ta yi maka, turo hoton bakin da na cikin gangar nan kafin ka biya, a ɗauka da rana ba da fitilar waya ba.